Baƙo Waje, In Ji Alƙali

Tun da aka fara nuna kiwon tsuntsaye a waya, ba a yin mako ban ga samari biyu ko uku a bakin rumfata ba. Su leƙa keji, su yi wa kanari fito, sannan ɗaya ya ce shi ma yana son shiga harkar, tun da ba komai a cikinta sai zuba gero da canza ruwa. Na makon jiya har cewa ya yi ai mutum na iya yi yana kwance. Ban yi fushi ba, ko da yake saura ƙiris. Na ce ya ja benci ya zauna. Abin da na gaya masa shi zan gaya muku, ko bakina ya huta da maimaici.

Sunana Sale, amma a Lafiya in ba ka ce Sale Mai Aku ba, ba wanda zai nuna maka hanya. Kakana Bakano ne, fataucin gishirin Keana ya sauko da shi, ya ga wuri ya zauna. Gidanmu duk 'yan tebur ne da 'yan shago, ba mai kiwon ko tattabara, ni kaɗai na fita zakka. Da mahaifina ya gaji da samun 'ya'yan kurciya a aljihun rigata, sai ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Mai Keji, wani dattijo Bagwandare da ke da rumfar tsuntsaye a gefen kasuwa. Ya ce masa ga wannan, tun da tsuntsu yake so, a ba shi har ya ƙoshi. Shekarata goma sha biyar a lokacin.

Aikin farko da Baba ya ba ni tsaga gwangwala ne. Ya miƙo min wata guntuwar wuƙa da ƙotarta ta yi baƙi don tsufa, ya nuna min yadda ake fere bayan gwangwala a fitar da tsinke daidai kauri, a huda totuwar cikin da ƙusa mai zafi, a jera tsinkayen har keji ya tashi. In tazarar ta yi faɗi kanari ya fice, in ta yi matsi ya maƙale ƙafa. Kejina na farko Baba ya juya shi ya juya, ya ce ya yi kyau, sai dai a sa agwagwa. Na yi shekara guda cur ina tsaga da wanke kasko da share kashi, ban taɓa tsuntsu ko ɗaya da hannuna ba.

Ranar da ya yarda in kama aku, tsohon zane ya ba ni. Ana lulluɓa masa ne ta baya, babban yatsa da manuni su riƙe ƙasan muƙamuƙi, ɗaya hannun ya tattare fukafukai da ƙafafu, kuma ba a matse ƙirji, don da ƙirjin yake numfashi. Na ji duk wannan da kunnena, na kai hannu da gadara, akun ya huda min yatsa har ƙashi. Tabon na nan, duk mai son gani ya zo. Baba bai ce sannu ba. Ya ce yanzu ka gaisa da malaminka.

Shi ya koya min duba tsuntsu. Da safe kafin ka kalli fuskarsa, ƙasan keji za ka fara kallo, domin abin da ya kasayar ba ya ƙarya. Sannan idonsa, sannan yadda ya tsaya a kan sanda, ko ƙafa ɗaya ya naɗe cikin jin daɗi, ko kuwa ya kumbura gashi ya yi tsuru. Aku kuma yana da tasa alamar. Ka cusa yatsa ƙarƙashin fiffikensa ka zaro, in yana da lafiya za ka ga farin gari a yatsanka, bakinsa ma za ka gan shi dusu-dusu da garin nan. Baba ya kan ce akun da bai ba ka gari ba, kada ka ba shi wurin kwana. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai wata doka tasa da ta fi kowace ci min rai. A bayan gidansa, ƙarƙashin mangwaro, yana da ɗan ɗaki na kwano da yake kira ɗakin baƙi. Duk tsuntsun da aka kawo sabo, ko daga daji ko daga hannun wani, can zai yi kwana arba'in kafin ya ga rumfa. Kaskonsa daban, tsintsiyarsa daban, shi ake yi wa hidima a ƙarshe bayan an gama da kowa, in ka fito kuma ka wanke hannu da toka da gishiri. Na tambaye shi dalili, ya ce tsuntsu yana zuwa da iskar inda ya fito, sai an bari ta kwanta. Na sake tambaya, ya ce haka ya tarar. Ni da na ɗan yi firamare, sai na sa abin a layin camfi. In maharbi ko ɗan kasuwa ya doso rumfa da keji a hannu, tun daga nesa Baba zai ɗaga sanda ya ce, "Baƙo waje!" Mutane da yawa sun yi zuciya sun kai kayansu wani wuri, bai taɓa kiran ko ɗaya ya dawo ba.

Ina da shekara goma a wurinsa aka kawo wani ɗan aku, toka-toka mai jar jela, ido bai ma gama washewa ba. Ya yi arba'in ɗinsa a ɗakin baƙi, ya shigo rumfa, Baba ya rataye shi a ƙugiyar da ke bakin ƙofa ya ce wannan ba na sayarwa ba ne. Kafin shekara biyu ya kwashe bakin Baba kaf, har da tarinsa. In ana ciniki mai saye ya rantse cewa a wani wuri an yi masa ƙasa da haka, sai ka ji daga sama an ce, "Ƙarya ne!" Daga nan 'yan kasuwa suka sa masa Alƙali. Ya iya gaisuwa da Hausa da Alago da Tibi, ya iya kukan babur ɗin maƙwabcinmu, ya kuma iya "Baƙo waje" fiye da komai. Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, abu uku ya bar min, rumfa da wuƙar nan da Alƙali. Washegarin sadakar uku na buɗe rumfa, ina tsaye ban san ta inda zan fara ba, sai na ji tarin Baba a bayana, aka ce, "Sale, ka wanke kasko?" Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba, sannan na tashi na wanke kaskon.

Masu sayen tsuntsu iri-iri ne, kuma rabin sana'ar nan karanta su ne. Akwai alhajin da ke son akun da zai yi wa baƙi sallama, ya manta cewa aku ba ya zaɓen abin da zai ɗauka a gida. Wani ya dawo min da nasa bayan wata biyu, wai duk wanda ya yi sallama sai akun ya ce ba ya nan, alhali yana zaune a falo. Akwai malaman makaranta da suka yi ritaya, su kanari suke so don kukansa. Akwai masu sayen tsirya don yara, su nake yi wa dogon wa'azi, don tsuntsu ba abin wasa ba ne. Sai kuma masu neman jan gashin jelar aku, wasu don ado, wasu don haɗin magani, ba na tambaya. Kowane mai rumfa yana da ɗan gwangwanin madara da yake tara gashin da ya faɗo, ni ma ina da nawa.

Bayan rasuwar Baba na rage arba'in ya koma mako biyu. Da na ga ba abin da ya faru, ya koma kwana uku. Daga baya na zuba buhunan gero a ɗakin baƙi na sa kwaɗo. Shekaru suka yi ta wucewa lafiya lau, har ina ba abokan sana'a labarin yadda tsofaffi ke wahalar da kansu a banza. Alƙali dai bai daina ba, duk kejin da ya shigo sai ya ce baƙo waje, mu kuwa mu yi dariya.

Wata ranar Laraba, damina ta kusa ɗaukewa, wani direban babbar mota da ke zuwa kudu ya sauke min keji lulluɓe da buhu. Da ya yaye buhun sai da na miƙe tsaye. Aku ne, amma jan gashi ya yi masa ɗigo-ɗigo a ƙirji da gadon baya, ba a jela kaɗai ba. A wurinmu irin wannan shi ake kira sarkin aku. Mutum na iya tsufa a sana'ar bai riƙe ɗaya ba, Baba ma labari kawai ya ba ni. Na sa zane na kama shi, na cusa yatsa ƙarƙashin fiffike kamar yadda aka koya min, na zaro yatsa fes, babu ko ƙurar gari. Bakinsa kuwa baƙi wuluk yana sheƙi kamar takalmin da aka goge. Na gani da idona, ba zan ce ban gani ba. Sai na ce wa raina ai sarki dole ya bambanta da talakawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma ba kwaɗayin kuɗi ne ya fi ja na ba, so nake a ce a duk Lafiya rumfar Sale ce ke da sarki.

Na buga sabuwar ƙusa kusa da ƙugiyar Alƙali, na rataye su kafaɗa da kafaɗa don masu wucewa su gani. Alƙali ya karkata kai ya dubi maƙwabcin nasa, ya yi tarin Baba, ya ce baƙo waje. Jama'a sun taru suna kallo, aka kwashe da dariya, wani ya ce kishi ne. Ni na fi kowa dariya. Da sarkin ya fara zubar da gashi ma murna na yi, jan gashi kullum a ƙasan keji, ina tsincewa ina cika gwangwani. In na share ƙarƙashinsa da safe, da tsintsiyar nan ɗaya nake bin sauran kejuna har ƙuryar rumfa.

Ba a yi wata biyu ba 'yan akuna guda uku da nake reno suka daina ci. Ba su ma zubar da gashi sosai ba, suka kumbura, suka yi shiru, cikin kwanaki suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Sai tsiryoyi suka fara fitar da gashi a murɗe, wani da jini a gindinsa, ka taɓa ya faɗo. Sai ƙananan nan masu launi da ake kawowa daga Legas. Sarkin kansa ya koma kamar kazar da aka fara figa aka fasa, bakinsa ya yi tsawo ya tsage. Abin da ya ruɗa ni, kanari da tattabaru ko atishawa ba su yi ba. Na ce wace irin annoba ce mai zaɓe, wannan hannu ne aka sa min saboda sarkin. Na jiƙa ɓawon maɗaci, na fasa kafso ja-da-rawaya a ruwan sha, na sayi maganin kaji a kemis, na yi hayaƙi, na karɓo rubutu. Wata malama da na sayar wa tsirya ta dawo da ita a kwali, ta ce ta kuma shafa wa wadda take da ita tun da. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi min sauƙi. Kullum da safe kafin in dubi kowa, Alƙali nake fara kamawa in duba yatsana.

Ana cikin haka wata mata ta sauka daga okada a bakin rumfa, da 'yar kula ta sanyaya kaya a hannu da littafi. Ta ce sunanta Dakta Ashezi, likitar dabbobi ce, tana bincike a jami'a ta wajen Shabu a kan cututtukan aku da tsuntsayen gida, tana bin masu sayarwa tana ɗibar jini. Na riga na ji labarinta. Abokan sana'ata sun ɗauka ma'aikaciyar gandun daji ce ta zo kame, duk inda ta je sai a ɓoye kejuna a ce an daina harkar. Ni ma na tare ƙofa da jikina. Ta tambaya ko akwai tsuntsun da ba shi da lafiya, na ce mata duk lafiyarsu ƙalau.

"Ƙarya ne!" in ji Alƙali daga saman kaina.

Ta dube shi, ta dube ni, ta yi dariya har ta ajiye kular a ƙasa. Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai. Na matsa na ba ta hanya.

'Yar Eggon ce, Hausarta irin ta kasuwar Lafiya, komai a wurinta "shi" ne. Tattabara shi, mota shi, har mahaifiyarta in tana ba da labari sai ta ce shi ya kira ni a waya. Ta zaga rumfar ina biye ina gaya mata hannu aka sa min, ta tsaya a kan sarkin, ta buɗe gwangwanin gashi, ta ɗaga tsintsiya ta duba. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Baba, wannan ba hannu ba ne. Bairos ne, ƙwayar cuta, yana cikin garin gashi. Kai da kanka kake raba shi da wannan tsintsiya." Ta ce cutar baki da gashi ake kiranta, masu lanƙwasasshen baki take kamawa, shi ya sa kanari da tattabaru suka tsira. Ta ce ba kowane aku mai jan ɗigo ne ke da ita ba, amma sau da yawa jan nan da muke yi wa kirari gashi ne da ya fito ba daidai ba. Na tambayi magani, ta ce har yanzu masu bincike ba su samo ba, abin da ya fito da ita yawo ke nan.

Ɗibar jinin aku aiki ne na mutum biyu, kuma a nan na gane ni ma ina da abin koyarwa. Ta sa safar hannu mai kauri za ta kama Alƙali ta gaba, na ce Dakta, in kina son yatsunki ki bari. Na lulluɓe shi da zane, na kwantar da shi a cinyata, na buɗe mata fiffike. Ta goge wurin da auduga, ta sa wata siririyar allura a jijiya, ta ɗiga jinin a kan 'yar takarda mai tauri, ta cire ƙananan gashi daga ƙirji ta sa a ambulan ta rubuta lamba. Kowane tsuntsu da sabuwar safa da sabuwar allura. Ta ce sai an aika da su wani ɗakin gwaji mai nisa. Tana haɗa kaya ta ga na tauna gyaɗa na miƙa wa Alƙali da leɓena don in lallashe shi, kamar yadda muka gada, don an ce akun da ya ci daga bakinka harshenka zai ɗauka. Ta ɓata rai sosai. Ta ce akwai wata cutar daban da ke tsallakowa daga aku zuwa mutum, ta zo da zazzaɓi da tari a ɗauka maleriya ce. Daga ranar ban sake ba.

Hira ce ta kawo zancen ɗakin baƙi, na faɗa mata don ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce in kai ta ta gani. Muka je bayan gidan Baba, na buɗe kwaɗo, ga buhunan gero, ga tsohuwar tsintsiyar baƙi har yanzu a soke a jikin kwano. Ta sa na maimaita mata dokar ɗaya bayan ɗaya tana rubutawa, har da wanda ake fara yi wa hidima da wanda ake ƙarewa da shi. Ta ce abin da aka koya musu a makaranta ke nan, sunan ne kawai na Turanci. Ta ce arba'in ba ya kama kowace cuta, wata ta fi haka iya ɓuya, kuma toka da gishiri ba sa kashe wannan. "Amma da sarkin ya yi arba'in a nan," in ji ta, "da ka ga gashinsa yana zuba kafin ya haɗu da kowa." Na mai da kwaɗo na rufe.

Bayan mako uku ta dawo da takarda. Sarkin ya riga ya mutu. Ta karanta min lambobi, kusan duk masu lanƙwasasshen baki sun kamu. Ta bar lambar Alƙali a ƙarshe, tun daga nan na san amsar. Ta ce cutar na cikin jininsa, ko da yake gashinsa bai nuna ba. Amma ta ce babban aku mai ƙarfin jiki wani lokaci yakan yaƙe ta ya fitar da ita da kansa. A raba shi da wannan wuri, a kai shi inda babu irinsa, a ciyar da shi da kyau, bayan wata uku a sake gwadawa. In ta fita, ya tsira. In tana nan, to ta zauna ke nan, sai dai a jira abin da ya sami sarki.

Kejin ƙarfe ana iya wanke shi da maganin da ta rubuta min, amma gwangwala tana shan ƙura, ba ta wankuwa. Na fitar da kejunan gwangwala duka bayan kasuwa, har da guda bakwai da Baba ya yi da hannunsa, waɗanda tsinke ɗaya bai taɓa zamewa a jikinsu ba. Na ɗora tsintsiya da gwangwanin jan gashi a kai na kunna ashana. Gwangwala ba ta da wuyar ci, kafin in gama addu'a sun zama toka. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sai dai ni ne na ja, su ruwan ya doka. Sauran marasa lafiyar na killace su a wani kango, na yi jinyarsu har iya kwanansu.

Alƙali kuwa Arikya na kai shi, gidan ƙanwata Talatu da ke aure can. Dakta ta ce kajin gidan ba komai. Talatu ta rataye shi a inuwar rumbu, tana ba shi kwakwar manja da gwanda da ɗanyar masara. Duk Asabar nakan yi wanka, in sa kayan da ba su taɓa shiga rumfa ba, in hau babur in je. In cusa yatsa, in zaro, in ga gari, in gode wa Allah. Amma tun ranar da ya sauka a gidan nan ya rufe baki. Ba tari, ba gaisuwa, ba kukan babur. Talatu ta yi masa waƙa, mijinta ya yi masa Gwandara, ni na zauna gabansa na yi ta faɗin ƙarya iri-iri ko zai ƙaryata ni, sai dai ya kalle ni da ido ɗaya. Na ji tsoro ƙwarai. Baba bai bar hoto ba, bai bar ɗa namiji a sana'ar ba, muryar nan ce kaɗai ta rage, ni kuma na rataye ta kusa da mutuwa don a yabe ni.

Ban naɗe hannu ina jiran wata uku ba. Na wanke rumfa tun daga kwano har daɓe, na sake siminti, na kwashe gero daga ɗakin baƙi. Na ci gaba da kanari da tattabaru. Sannan na shiga gaba Dakta na biye, muka bi abokan sana'ata rumfa-rumfa har Doma. Inda aka rufe mata ƙofa a da, ni aka buɗe wa, don ba wanda bai ji abin da ya same ni ba, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ni ke kamawa, ita ke ɗiba. Wasu sun yarda sun ware wurin baƙi, wasu sun ce sai sun yi tunani, har yau suna yi. Ni dai daga shekarar na daina karɓar akun daji gaba ɗaya, doka ma ta hana. Ƙananan da nake sayarwa yanzu a hannuna ake ƙyanƙyashe su, kuma masu aku a gida suna kawo min in duba, wanda ya fi ƙarfina in tura wa likita.

Da wata uku ya cika na ɗauki Dakta a babur muka je Arikya, aka sake ɗiba. Aka sake jira. Ranar da sakamako ya fito ba ta kira ni a waya ba, da kanta ta zo. Ina zaune a benci na hango ta tana sauka daga okada. Ta tsaya a gabana da takarda, ta gyara murya kamar mai karatu a gaban malami.

"Baba, ita ta warke. Babu komai a jininta."

Na ce alhamdu lillahi, na sake faɗa, sannan kunnena ya dawo da abin da ya ji. Matar da ko uwarta ba ta taɓa ce wa "ita" ba. Na ce Dakta, yau kuma da kika tashi gyara Hausa sai a kan Alƙali? Ta ce ba kuskure ba ne, tun da jinin na hannun masu gwaji ta roƙe su su duba har da wannan. Alƙali mace ce. Shekara talatin muna ce mata shi, Baba ya tafi kabari bai sani ba. Har yau bakina bai saba ba, ku yi haƙuri da ni.

Washegari na ɗauko shi, keji lulluɓe da zane a bayan babur, ina tafiya a hankali saboda ramuka. Kafin in iso maƙwabta sun taru a bakin rumfa, Dakta ma ta zo. Kusan wata huɗu bai ce uffan ba, na riga na gaya wa raina ko bai sake magana ba, ransa ya ishe ni. Na yaye zanen, na ɗauki kejin da hannu biyu, na nufi tsohuwar ƙugiyarsa kai tsaye. Ƙafata ɗaya ta shiga rumfa, sai ya girgiza gashi, farin gari ya tashi a cikin hasken rana. Ya yi tarin nan. Ya ce, "Baƙo waje!"

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Na tsaya da keji a hannu, idona ya cika. Na janye ƙafata, na juya, na kama hanyar bayan gidan Baba, inda sabon kasko da sabuwar tsintsiya ke jira. Can ya yi arba'in ɗinsa cif, bai rage kwana ɗaya ba.

Dakta ta biyo ni a ranar tana cewa babu buƙata, takarda ta riga ta wanke shi. Na ce mata, "Dakta, ba da ke yake ba. Da ni yake."